Yadda za ka gane kamfani ya kusa karyewa tun kafin a je kotu

In kana da hannun jari a kamfani, ko kana ba shi kaya bashi, don Allah kar ka tsaya a layin riba kawai idan rahoton kuɗin shekara ya fito, riba a takarda abu ne da akanta zai iya yi wa kwalliya. Ka wuce zuwa shafin da ke nuna tsabar kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita ta ainihin sana'ar kamfanin. In shekara biyu uku ana ta shelar riba amma kuɗin hannu sai raguwa suke, to akwai lauje cikin naɗi, ko kwastomomi ba sa biya ko ana rubuta cinikin da bai faɗa ba.

Sai ka kwatanta bashin da za a biya cikin wata 12 da abin da kamfanin zai iya mayarwa kuɗi a wannan lokacin. In bashin ya rinjaya, ka fara shiri.

Inda na fi so ka daɗe shi ne bayanin odita, wato mai binciken littattafan kuɗin kamfani, da ƙananan rubutun can ƙarshen rahoto, waɗanda kowa ke tsallakewa don sun cika tsawo. Idan odita ya ce yana shakkar ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, magana ta girma, don da zarar an daina lissafa shi a matsayin mai ɗorewa, injin da aka rubuta da tsada zai koma farashin gwanjo, kadara ta zube a takarda dare ɗaya. Amma shi ma odita kar ka miƙa masa wuya gaba ɗaya. Kamfanin makamashi na Amurka Enron ya ɓoye basussukansa a wasu kamfanonin gefe har ya faɗi a 2001, ya ja kamfanin odita Arthur Andersen da ke binciken littattafansa suka nutse tare. Kamfanin hada-hadar biyan kuɗi Wirecard na Jamus kuwa a 2020 aka nemi Yuro biliyan 1.9 da ke cikin lissafinsa aka rasa.

Ka riƙa leƙa kasuwar bashi kuma, masu ba da rance sun fi saurin jin ƙauri. Farashin takardun bashin kamfanin na faɗuwa, ruwan da ake caje shi na hawa, masu auna ƙarfin biyan bashi irin su Moody's ko Fitch sun rage masa maki, duk alamu ne. Kuma faɗuwar babba ba ta tsayawa a kansa, da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008 bankuna sun ji tsoron ba junansu rance ma.

In kuma har ya faɗi kana binsa, tattara rasit da takardar yarjejeniya ka shigar da buƙatarka kafin wa'adin da kotu ta sa ya wuce. Masu jingina ake fara biya, sai masu bin bashi ba jingina, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta ƙare.