Kurakuran da ke cinye ranar mai aikin kansa a Yamai

Ma'aikacin gwamnati in ya makara akwai mai tambayarsa. Marubuci, ko mai fassara, ko mai zana katin biki a kwamfuta, babu mai tambayarsa komai. Shi ya sa mutanen gida ke ganin kamar zaman banza yake yi: "Tunda kana nan, kai wa Inna saƙon nan Wadata." Na shafe shekaru a irin wannan zama, kuma na lura yawancin kurakuranmu tushensu ɗaya ne: mu da kanmu ba mu riƙi aikin a matsayin sana'a ba.

Babban kuskure shi ne ba wa aiki ragowar rana. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40, kuma da hantsi ya yi, kwanon ɗaki ya gasu, ƙwaƙwalwa ba ta ƙara ja. Amma sai ka ga mutum ya kashe safiyarsa a WhatsApp da aike-aike, sannan ya buɗe kwamfuta da azahar, daidai lokacin da ake yawan ɗauke kuran. Gyaran a juya tsarin ne. Daga sallar asuba zuwa ƙarfe tara na aiki ne, salula kuma ta kwana a wani ɗaki. Ka cika batir tun dare, ka ajiye kaye da bik kusa, don in wuta ta tafi hannu ya ci gaba. Mutanen gida kuma a faɗa musu cikin ladabi: "Inna, kafin tara ina wurin aiki, bayan nan duk inda kika ce zan je." Mako biyu ana maimaitawa, za su saba.

Ban ce a bar fada, wato zaman shayi da abokai, ba. A can ake jin Hausa mai rai, a can labari ke zuwa da ƙafarsa. Sai dai shayi zagaye uku ba ya ƙarewa cikin minti talatin, don haka a bar shi sai bayan la'asar. Abin da ya fi cutarwa shi ne ba da labarin da kake rubutawa tun bai hau takarda ba. Abokai su ce "wallahi wannan zai yi kasuwa", ka ji daɗi, ka koma gida ƙishirwar rubutun ta tafi. Na yi asarar labari biyu ta wannan hanya, har yau ina jin zafinsu.

Sai masu jiran ilhama. Boubou Hama malamin makaranta ne, ya kuma shugabanci majalisar dokokin ƙasar nan har zuwa 1974, duk da haka ya bar littattafai masu tarin yawa a kan tarihi da al'adun Nijar. Mai irin wannan nauyi a kansa ba zai zauna jiran ranar da babu hidima ba. Ka yanka wa kanka abin da ba zai gagare ka ba ko ranar da kake zazzaɓi: shafi ɗaya. Wata uku, shafi 90 ke nan. Kuma ka tsaya a inda ka san jimlar da ke biye, gobe ba za ka sha wahalar farawa ba. Kada ka haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Wanda ke share layin farko sau goma ba ya kai layi na biyu.

Maganar kuɗi ita ce inda kunya ta fi kashe mu. Mutum ya kawo takarda shafi goma a fassara masa daga Faransanci, ka tambayi nawa zai biya, ya ce, "Haba ɗan'uwa, tsakaninmu? Yi dai, za mu gani." Ka yi kwana biyu a kai, ya miƙo jikka biyu da godiya, ko ma ya daina ɗaukar kiranka. Tela a kasuwar Katako ba ya yanka yadi sai an yi ciniki, kuma babu mai ce masa ya cika son kuɗi. Kafin ka faɗi farashi, lissafa awannin da aikin zai ci, da kuɗin intanet, da na taksi in akwai zirga-zirga. Ka karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Sannan ka tura saƙo a rubuce: ga aikin, ga farashi, ga ranar bayarwa, gyara sau biyu ne, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. In kana son yi wa ɗan'uwa kyauta, yi masa da zuciya ɗaya, amma ka faɗa masa kuɗin aikin, ya san girman abin da ka ba shi.

Akwai kuma sakaci da ƙa'idar rubutu. Tun 1999 gwamnati ta tsayar da yadda ake rubuta Hausa a Nijar, da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka muna rubuta "kasa" alhali "ƙasa" muke nufi, mu bar mai karatu da canki. Gboard, manhajar madannan rubutu ta salula, na da Hausa. Minti biyu ya isa a sa ta a salula. Wanda zai ba ka aikin fassara, waɗannan ƙugiyoyi yake fara dubawa.

Kwafi ɗaya kuma ba ajiya ba ce. Ƙurar hunturu na shiga kwamfuta, salula na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a kasuwa. Duk Juma'a ka aika wa kanka aikin mako ta imel. In za ka saki babi a rukunin WhatsApp, sa sunanka a sama da ƙasan kowane shafi, domin da ya wuce hannu uku sai ya zama na wani. Idan littafin ya kammala, ka kai shi hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a yi masa rajista kafin ka miƙa wa maɗaba'a.