Yadda zaka auna ɗan kasuwa in ya fito neman shugabancin ƙasa

Duk lokacin zaɓe sai kaji ana cewa ai wane ya iya juya kuɗi, a bashi ƙasa kawai ya juya ta kamar kamfaninsa. To kafin ka dangwala masa ga abubuwan da ni nake dubawa.

Fara da tambayar ina kuɗin suka fito. Akwai wanda yayi arziki a kasuwa ta gaske, yana gogayya da wasu, in kayansa ba kyau kwastoma ya tsallaka shagon gaba, akwai kuma wanda arzikinsa kwangilar gwamnati ce da lasisin shigo da kaya da sassaucin kwastan, shi wannan abinda ya ƙware a kai sanin ƙofar manya ne, kuma ranar da ya zama shine babban to wa zai hana shi buɗe wa kansa ƙofar?

Sai abin da nafi baiwa muhimmanci, ka bincika ko ya taɓa jagorantar mutanen da ba shi yake biyansu ba. Na zauna shagon kawuna a Kantin Kwari wajen shekara biyu, wallahi in Alhaji yace a sauke dilar atamfa babu mai cewa me yasa, yaro yayi gardama da safe kafin la'asar an sallame shi ya tattara ya tafi. Shugaban ƙasa bashi da wannan gatan. A Najeriya sanatoci 109 ne, ƴan majalisar wakilai 360, ga gwamnoni 36 kowa da taƙamarsa, ga kotu ga ƙungiyar ƙwadago ga sojoji, babu ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun nan da zai iya kora, sai dai lallashi da ban baki da cin alwashi da haɗiye fushi. Duba Ernest Shonekan, mutumin da ya riƙe UAC, kamfani gari guda, Babangida ya miƙa masa gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Agusta 1993, kafin wata uku su cika Abacha ya karɓe a 17 ga Nuwamba. Eh na sani ba zaɓensa akayi ba kuma lokacin ƙasa na tafasa saboda soke zaɓen 12 ga Yuni, wanda shima ƴan kasuwa biyu ne suka kara, Abiola da Bashir Tofa, amma dai iya lissafin riba bai baiwa Shonekan ko mutum ɗaya da zai fito titi dominsa ba. Don haka ka duba ko ɗan takarar ya taɓa yin gwamna ko ciyaman ko shugabancin wata ƙungiya da ake masa tawaye a ciki. Ramaphosa na Afirka ta Kudu attajiri ne, amma tun kafin kuɗin shi ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai kuma da shi aka zauna teburin kawo ƙarshen wariyar launin fata.

Bayan nan tambaye shi, ko kuma ka saurara ko zai faɗa da bakinsa, me zai yi da kamfanoninsa in yaci. Tsarin mulkin 1999 ya hana mai riƙe da muƙami tafiyar da kasuwanci na kansa banda noma, kuma dole ya bayyana kadarorinsa, sai dai kowa ya san ana iya sa sunan ɗa ko ƙani. Marc Ravalomanana na Madagaska da sayar da yogot ya tashi har ya gina kamfanin Tiko, ya hau mulki 2002 yayi hanyoyi, amma mutane suka kasa gane inda Tiko ya tsaya da inda gwamnati ta fara, ga maganar baiwa kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu makeken filin noma, 2009 aka tunkuɗe shi.

Ka kuma lura da yadda yake ɗaukar suka. Patrice Talon na nan maƙota Benin, sarkin auduga, ya hau 2016, Kwatano ta canza kama ba ƙarya, amma a zaɓen majalisa na 2019 jam'iyyu biyu kacal aka bari suka shiga kuma duka nasa ne. Halin maigida kenan, baya son a ce masa a'a a shagonsa.

Na ƙarshe mai sauƙi ne, in yana kamfen kasa kunne kaji me zai ce akan abinda baya kawo riba. Kamfani in reshe baya ciniki rufewa ake, to asibitin ƙauye da firamare da rijiyar burtsatse basa ciniki har abada. In duk jawabinsa masu zuba jari ne da ribar kaza, ɗaga hannu a taron ka tambaye shi ƙaramin asibitin garinku da babu ko ungozoma ɗaya, a wane shafi na lissafinsa yake.