Yadda ake kwana a tanti da shiga ruwa a tafkin Havasu na Arizona

Toh jama'a, wanda yake Amurka musamman 'yan ɓangaren Arizona da Nevada da Kalifoniya, in yana son ya fita da iyali ko abokai a sha iska kwana biyu uku, akwai wurin shaƙatawa na gwamnatin jiha a bakin tafkin Havasu, ga yadda ake tafiyar ba tare da an dawo ana da-na-sani ba. Tafkin dai ba na Allah da Annabi ba ne, dam aka yi, dam ɗin Parker da aka gama a 1938 shi ya tare kogin Kolorado ruwan ya taru a tsakiyar hamada, tsallaken nan Arizona tsallaken can Kalifoniya. Daga Las Vegas tafiyar awa biyu da rabi ce a mota, daga Phoenix kuma ta ɗan haura uku.

Abu na farko kuma wanda ya fi komai, zaɓen wata. Kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba da zafin Afrilu, wallahi wannan daban ne, a garin Lake Havasu City da ke bakin tafkin ne aka auna zafi mafi tsanani a tarihin jihar Arizona, digiri 53 a watan Yuni na 1994. Kwana a tanti a Yuni ko Yuli ko Agusta azaba ce kawai, dare ma ƙasa tana fitar da zafin da ta sha da rana. Ka je tsakanin Oktoba da Afrilu. Ni dai Oktoba na fi so saboda rana ta yi sauƙi amma ruwan bai huce ba tukuna, in ka je Janairu kuwa garin lafiya lau amma ruwan sanyi ƙalau, kana tsoma ƙafa za ka janye. Watan Maris kuma ɗaliban jami'a ke cika wurin lokacin hutunsu, kiɗa da shaye-shaye har dare, in da yara za ka je ka kauce masa.

Wurin kafa tanti sai an yi bukin ta shafin intanet na hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar, kuma na bakin ruwa su ake fara kwashewa don haka ka kama da wuri, ba ana gobe tafiya ba. Filayen akwai wuta da famfo, akwai banɗaki da wurin wanka.

Kayan da za ka ɗauka, tanti dai kowa ya sani, amma abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasar wurin tsakuwa ce mai tauri, 'yan ƙusoshin da ke zuwa cikin jakar tanti lanƙwashewa suke yi. Farkon zuwana haka na tsaya ina buga su da dutse suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, magariba ta kawo kai iska ta taso tantin yana ta fal-fal kamar zai tashi sama, sai da wani dattijo maƙwabcinmu ya ara min guduma da manyan ƙusoshin ƙarfe. Ka sayi naka tun daga gida. Sai rumfa, wannan kam dole ce don inuwar wurin ba ta da yawa, ka ɗaure ta da igiya sosai. Kula biyu, ɗaya ta abinci ɗaya ta ruwa da lemo saboda yara sai sun buɗe ta ruwan sau ɗari ƙanƙara ta narke. Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a rana shi ne mafi ƙaranci, ka ƙara a kai, kuma a riƙa sha ko ba a jin ƙishi don iskar hamada busar da gumi take yi ba ka ma san kana zuba shi ba. Nama ka taho da naka in kana kiyaye yanka, a yi tsire da yaji da daddare, amma ka tambaya a ƙofa ko an hana kunna wutar itace a lokacin, wani sa'in ana hanawa, risho mai gas shi ne rufin asiri. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba.

Tsarin wuni kuma irin na gida ne, a shiga ruwa da hantsi, azahar a dawo ƙarƙashin rumfa a miƙe, la'asar sakaliya a koma. A cikin gari akwai masu ba da hayar kwalekwalen roba da jirgi mai inji da babur ɗin ruwa. Dokar Arizona ta ce yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa dole ya sa rigar ceto in jirgi yana tafiya, ni kam na ce har babba ya sa, da yawanmu ba mu iya iyo ba kunya ce kawai ke hana mu faɗa. Kar kowa ya yi iyo ta bayan jirgi inji na kunne, ban da farfela akwai hayaƙin da ba a jin warinsa, yana sumar da mutum a cikin ruwa, kuma ya taɓa kashe mutane a mashigin da ke ƙarƙashin gada inda jirage ke cunkushewa. Gadar nan fa ita ce tsohuwar gadar Landan, wani attajiri Robert McCulloch ya saye ta a 1968 aka kwaso duwatsunta daga Ingila aka sake harhaɗa ta, aka buɗe a 1971, ku bi ta ƙarƙashinta da sassafe kafin masu inji su farka.

In da naka kwalekwalen ka zo, kafin ka tafi ka wanke shi ka tsiyaye ruwan ya bushe sarai, saboda wasu 'yan ƙananan katantanwa da suka addabi tafkin tun 2007, ba a son a kai su wani ruwan. Mai son kamun kifi kuma ya yanki lasisi, daga shekara 10 ake buƙatarsa.

Da dare a zuge zif ɗin tanti ruf, takalma a shigo da su ciki ko a kakkaɓe su da safe kafin a zura ƙafa, kunamar Arizona ƙarama ce mai launin yashi amma harbinta ba wasa, musamman ga yara. Mai fita banɗaki ya riƙe tocila ya haska gabansa, kar a sa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin ciyawa, akwai macijin nan mai kaɗa wutsiya, in ka ji ƙararsa ka tsaya cak ka gano inda yake sannan ka ja da baya a hankali.