Shawara ga mazauna bakin teku idan guguwar hunturu ta taso

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ƙasashen da ake ruwan sama da hunturu, idan aka sanar da cewa guguwar hunturu na tafe, kada a tsaya kan yawan ruwan sama kaɗai, a duba har da lokacin cikar teku, wato sa'ad da ruwan teku ke tasowa ya hau gaɓa. In biyun suka haɗu, magudanai ba su da inda za su zubar, sai ka ga ruwa na ɓulɓulowa daga kwata yana komawa kan titi, kafin ka ankara ya iso bakin ƙofa.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mota. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da ƙato, santimita 30 kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Da dare ba a gane zurfinsa, balle a san ko kwaltar da ke ƙasa ta zaizaye. Don Allah a juya kawai. Ga shi ruwan hunturu da sanyi kamar ƙanƙara, nan da nan yake sandarar da hannu.

Tun ruwa bai shigo ba, a kashe wutar gida daga babban makunni, da busasshen hannu. Takardu da magunguna a ƙulle a leda a ɗora sama. Janareta kuma a waje, nesa da taga, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari.