Yadda za ka gabatar da kanka cikin rabin minti idan kana neman aiki a Saudiyya

A gida an tarbiyyantar da mu a kan cewa mutum ba ya yabon kansa, yabon kai jahilci ne, sai dai wani ya faɗi alherinka. Tarbiyya ce mai kyau, amma tana cutar da sabon zuwa a Jidda ko Riyad. A Kano akwai mai cewa "ai na san aikinsa". A nan babu wanda ya san ka, kuma mutumin da ka samu damar tsayawa gabansa bayan sallar la'asar, ko a bakin wani kamfani, ba zai ba ka fiye da rabin minti ba kafin wayarsa ta yi ƙara. Dole ka zo da maganarka a shirye, kalma sittin zuwa saba'in, ba ƙari.

Ka gajarta gaisuwa. Sallama, sai "Allah ya'aɗikal afiya", wato Allah ya ba ka lafiya, sai ka shiga magana. Tambayar gida da iyali da gajiya ka ajiye ta sai kun saba. Ka kira mutum da laƙabinsa in ka sani: Muhandis ga injiniya, Duktur ga likita, Ustaz ga sauran, ko Abu wane idan haka ka ji ana kiransa.

Sunan da za ka faɗa shi ne wanda ke kan iƙamarka, wato katin izinin zama da Saudiyya ke ba baƙo. Idan fasfo ya ce Garba, kada ka ce Abubakar don ya fi daɗi a kunnen Balarabe, domin ranar da zai nemi takardunka zai ga suna biyu ya fara shakka.

Daga suna sai sana'a, kuma a nan ne yawancin 'yan'uwa ke faɗuwa. Ana tambayar mutum me ya iya sai ya ce "ayyi shugul", wato kowane aiki. Shi a ganinsa tawali'u ya nuna da shirin wahala, mai sauraro kuwa abin da ya ji shi ne wannan bai iya komai ba. Ko da mutumin yana son taimaka maka, ka ɗaure masa hannu, don ba zai kira abokinsa ya ce ga wani mai yin kowane aiki ba. Amma zai iya cewa ga mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ga mai walda, ga ma'aikaciyar jinya ta ɗakin haihuwa. Zaɓi sana'a ɗaya, wadda ka fi ƙarfi a kai, ka koyi sunanta da Larabcin da ake yi a nan: kahraba'i ga mai aikin lantarki, sabbak ga mai aikin famfo, fanni takyif ga mai sanyaya ɗaki, sawwag ga direba, mumarrida ga ma'aikaciyar jinya. Sai ka bi ta da adadin shekaru da hujja guda wadda ake iya gani ko ƙirgawa. "Ina da ƙwazo da riƙon amana" kowa na faɗa. "Shekara bakwai, na haɗa wutar gidaje masu hawa uku daga tushe har kammalawa" magana ce da mai kwangila zai riƙe.

Takardun karatu ma suna buƙatar fassara a baki. HND da ND ba a san su ba, ka ce difloma ta shekara kaza a fanni kaza. Wanda ya zo da lisans daga Yamai ko Damagaram ya ce bakaloriyos. Bautar ƙasa kada ka tsaya bayaninta, ka lissafa ta shekarar aiki ɗaya a wurin da ka yi ta. Injiniya ya faɗi ko ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya. Ma'aikacin lafiya ya faɗi inda ya kai: kamfanin DataFlow ya gama tantance takardunsa, ya ci jarrabawar neman lasisi ta Prometric, ko har ya samu rajistar hukumar ƙwararrun lafiya. Asibiti ba ya jin sauran magana sai ya ji wannan.

Sai batun iƙama, wanda shi ne mai ɗaukar aiki yake jira tun da ka buɗe baki. Yana son ya san sana'ar da aka rubuta a kanta, ko tana da sauran wa'adi, da ko za a iya mayar da kai ƙarƙashin kamfaninsa. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa bayan ya cika shekara ɗaya, bisa wasu sharuɗɗa, ba sai da yardar kafili ba, wato wanda sunanka ke ƙarƙashinsa. Masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikin wannan tsari, nasu yana bi ta manhajar Musaned ne. Idan iƙamarka tana sauyuwa, faɗi da bakinka kafin a tambaya: "iƙama ƙabila lin-naƙal". Idan ba ta sauyuwa tukuna, faɗi watan da za ta cika. Kada ka yi ƙarya a nan ko kaɗan, domin cikin minti biyu za a duba a kwamfuta. Bizar umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki, haka kuma laifi ne ka yi wa wani aiki alhali ba shi ne kafilinka ba, laifin da ke jawo biyan tara da tarhil, wato mayar da mutum ƙasarsu. Muna nanata wannan ne saboda gidajen da abin ya rusa ba kaɗan ba ne.

Ka kuma bincika ko sana'arka tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa. Tun 2016 sayar da wayar hannu da gyaranta suka koma hannun Saudawa, don haka wanda ya ƙware a kasuwar waya ta Farm Centre ya gabatar da kansa a matsayin mai gyaran kayan lantarki, ya nemi ɓangaren da doka ta bari.

Ƙarshen maganar roƙo ne guda, ƙarami, wanda mutum zai iya biya nan take. "Ka taimaka min" nauyi ne da ba shi da iyaka. "Wa zan gani a sashen gyara?" ko "Zan iya turo maka takarduna ta WhatsApp?" sun fi saurin samun amsa. Idan aka haɗa duka, ga yadda za ta fito: "Sunana wane, daga Najeriya. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ni, shekara bakwai, biyar a Kano biyu a nan Jidda. Ina haɗa sabuwa, ina cika gas, ina gyaran manya na masallatai da shaguna. Iƙamata tana sauyuwa, ina da lasisin tuƙi na nan. Wa zan gani a kamfaninku?"

Shirya ta da Larabci da Turanci duka, domin shugaban ma'aikata a wurin gini ko asibiti sau da yawa Bamisire ne, Ba'indiye ko ɗan Filifin. Wanda ya yi karatun littattafai a zaure kada ya ji kunyar fusaharsa, wato Larabcin littafi, ana fahimta kuma ana girmama ta, illa dai ya rage saurin magana. Naɗi muryarka a waya, ka saurara da agogo a hannu, ka yanke duk abin da ya haura daƙiƙa talatin. Mata su yi la'akari da cewa yawanci ta saƙon murya ko ta bakin wata 'yar'uwa maganarsu ke isa, sai su rubuta ta a layi huɗu yadda za a iya turawa gaba ba tare da gyara ba.

Idan an ba ka lamba, tura saƙo washegari da safe: sunanka, inda kuka haɗu, sana'arka, da takardunka a fayil ɗaya. Makon aiki Lahadi zuwa Alhamis ne, saƙon da ya shiga daren Alhamis yakan nutse kafin Lahadi. In mako ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya.