Yadda zaka koyar da shirin talabijin a aji

Da farko malam ka kalli shirin kai kaɗai kafin ranar, ka zaɓi wurin da ya dace da darasinka, minti 10 ya isa wallahi in ya wuce haka yara hamma zasu fara. Ka sauke shi a waya ko filas saboda netwok, ka tanadi janareta ko sola.

Kafin ka kunna rubuta tambaya biyu a allo su san me suke nema. Ƙanana su zauna gaba, a rufe tagar da haske ke dukan tibi. In an zo wurin mai wuya ka tsayar, ka tambaye su, ka maimaita. Ana gamawa kowa ya rubuta amsa a littafinsa.