Yadda za ka kalli hoton bijin-ga na Japan ka gane bugun hannu ne

Ni dai ina jin ba daɗi in na ga mutum ya kalli hotunan nan na matan Japan ya ce ai zane ne kawai ya wuce, alhali daga katako aka buga su. Sunansu bijin-ga, wato hotunan kyawawan mata, kuma reshe ne na ukiyo-e, salon hotunan Japan na rayuwar yau da kullum, da ya yi tashe a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868. Hannu huɗu ne a kan hoto guda, mai zane, masassaƙi, mai bugawa, sai mai jarin da ke sayarwa.

Fara da gashi, ka matso da fuskarka sosai ka duba gaban goshi da gefen kunne. Kowane silin gashi da ka gani, masassaƙi ne ya bi da wuƙa ya cire katakon da ke gefe da gefe ya bar siririn layin a tsaye, a kan icen ceri mai tauri, kuma in hannu ya goce sau ɗaya shikenan layin ya tafi, shi ya sa babban gwani ake bai wa aikin sassaƙa kan macen. Ka nemi hotunan mai zane Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu 1806, shi ne ya shahara da jawo fuskar mace kusa har ta cika takarda. Wallahi gashin kaɗai ya isa ka zauna kana kallo.

In takardar tana hannunka, juya bayanta. Mai bugawa yana goga ta ne da wani ɗan faifai da ake kira baren, to kalar takan ɗan ratso ta baya, wani lokaci har sawun gugar za ka gani. Bugun inji kuwa bayansa fari fat, kuma in ka sa gilashin ƙara girma sai ka ga ɗigo-ɗigo a jere. Amma fa a kula, har yau ana sake sassaƙa tsofaffin hotuna a buga da hannu, don haka bugun hannu ba shi ke nuna na zamanin Edo ba ne.

Kala ma tana ba da labari. Yawanci kowace kala da nata katakon, bugu mai kaloli da yawa kuwa a 1765 ya bazu ta hannun mai zane Suzuki Harunobu. Ja da shuɗin da ake samu daga tsirrai suna koɗewa, so tsohon hoto da ya ɗan dusashe ba abin mamaki ba ne. Ka karkatar da shi wajen haske kuma, akwai ado a jikin kimono, wato rigar gargajiyar Japan, da aka danna ba kala, sai a haka yake fitowa.

Sai tufafi. Kimono mai dogon hannu yana lilo, budurwa ce. Baƙaƙen haƙora galibi matar aure. Ɗamarar obi da aka ɗaure ta gaba, ga tsinkayen ado cike da kai, yawanci macen Yoshiwara ce, wato unguwar karuwai ta birnin Edo (Tokyo ta yau), kuma rayuwar matan nan cike take da bashi da wahala duk da kwalliyar, ni ban iya kallonsu ba tare da na tuna hakan ba.

In kuma ka mallaki guda, don Allah kar ka rataye shi inda rana ke bugawa, kar ka sa masa gam ko salatif, ka ajiye shi a kwance inda ba danshi.